Kafintan Ƙauye Da Injin Huji Mai Batir

In kaka ta wuce, aka ɗaure gero da dawa, aka cire gyaɗa, aka kai wake gida, sai aikin gona a ƙasar Gaya da Ajingi ya koma hannun kafinta. Wannan ya kawo amalanken da katakonsa ya ruɓe, wancan ya kawo karkiyar shanu da ta tsage, wani yana son ƙyauren rumbu, wani akurkin kaji, wani kuwa akwatin kiwon zuma. Yawancin kafintocin nan manoma ne su ma, da rani su ke ɗaukar zarto da guduma. Kuɗin da za su sayi kayan aiki da shi kuwa na gyaɗa ne ko na riɗi, sau ɗaya ya ke zuwa a shekara. Wanda ya zuba shi inda ba daidai ba, sai ya jira wata kakar.

Ƙasar Gaya ba baƙuwar sana'ar hannu ba ce. Masu tarihi sun ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala, daga Gaya suka taso neman tama. A da, in masassaƙi zai huda karkiya, sai ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ƙona ramin da shi. Daga baya aka sami mahujin hannu wanda a ke wainawa, sa'an nan inji mai waya, wanda ba ya motsi sai da lantarki ko janareta. A 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da injin huji na farko mai aiki da batir. Batiran wancan zamani nauyi gare su, ba su kuwa daɗewa. Sai wajen 2005 kamfanoni irin su Makita da Milwaukee suka fara sa batirin litiyam, irin na wayar hannu, a manyan injuna. Tun daga nan abin ya yaɗu, har ga shi yau ana jera shi a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa cikin Kano. Iri-iri ne, kuɗinsu kuma ya bambanta ƙwarai, saboda haka ya kamata mai saye ya san abin da zai duba.

A FARA DA AIKIN

Kafin mutum ya tambayi kuɗin inji, ya tambayi kansa aikin da ya fi zuwar masa. Kafintan da ke cikin garin Gaya yana haɗa benci da kabad da akwatin zuma, katakonsa mai laushi ne, irin su afara da malaina da falanki. Hujinsa ƙanana ne, aikinsa mafi yawa ɗaura sukuru ne. Wannan ƙaramin inji mai lamba 12V ya ishe shi. Nauyinsa bai wuce kilo guda da 'yan kai ba, yana shiga lungun kabad, hannu kuma ba ya gajiya.

Amma wanda ke Kademi ko Toranke, aikinsa amalanke da karkiya da rufin ɗaki, da wani irin ice ya ke fama. Maɗaci da marke da ƙirya ba su san wasa ba, darbejiya ma in ta bushe tauri gare ta. Ƙusar amalanke mai noti tana son huji na rabin inci, ramin karkiya kuwa ya fi haka faɗi. In an matsa wa ƙaramin inji a nan, zai yi zafi ya tsaya, ba da daɗewa ba ya ƙone. Wannan kafinta mai lamba 18V ya kamace shi, ko da ya ke ya fi tsada, nauyinsa kuma ya kan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. In mutum aikinsa gauraye ne, kuma inji ɗaya kaɗai zai iya saya, to, 18V ya fi, domin babba yana yin aikin ƙarami, ƙarami ba ya yin na babba.

LAMBAR DA KE JIKIN INJI

A nan ne a ke yawan cutar mutane. Harafin V ma'aunin ƙarfin wutar batir ne. A cikin batirin 18V akwai ƙwayoyi 5 a jere, kowace tana ba da 3.6, watau 18 ke nan jimla. In an cire shi daga caji yanzu-yanzu, ƙarfin ya kan hau zuwa 20 ko 21, da an fara aiki ya sauko. Saboda haka wani kamfani ya rubuta 18V, wani 20V, wani 21V, alhali kuwa duk abu ɗaya ne. Kada a ƙara ko kwabo don an ga 20 maimakon 18. Haka nan 12V da 10.8V, ƙwayoyi 3 ne a cikinsu duka.

Akwai kuma injuna marasa sanannen suna da a ke rubuta wa 48V, ko 88V, har ma fiye. In an buɗe batirin, ƙwayoyin nan 5 za a tarar, wani lokaci ma ƙanana marasa ƙarko. Lambar ta fenti ce kawai. Mai hankali in ya ga ɗan batirin da bai fi tafin hannu ba an rubuta masa 88V, ya san mai kayan bai fara da gaskiya ba.

BATIR SHI NE JARIN

Lamba ta biyu ita ce Ah, ita ke nuna yawan wutar da batir ke ɗauka, kamar yadda tulu ya fi buta cin ruwa. Batir mai 4Ah yana yin aiki ninki biyu na mai 2Ah kafin ya mutu, amma ya fi shi nauyi. Mai aiki a ƙasa, kamar haɗa amalanke, babba ya fi masa. Mai hawa rufi yana ɗaga hannu sama yini guda, ƙarami ya fi masa sauƙi.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne, batir biyu matsakaita sun fi babba guda ɗaya. Ɗaya yana aiki, ɗaya yana caji. Kafintan da ya tafi ƙauye rufin ɗaki da batir guda, in ya mutu da hantsi, aikin ranar ya tsaya ke nan, mai ɗaki kuwa ya riga ya tara masu taya shi.

Har wa yau a sani, batirin kamfani ɗaya ba ya shiga injin wani. Na Bosch ba ya hawa Makita, na DeWalt ba ya hawa Ingco. Batir kuwa shi ke fara mutuwa, inji yana nan da ransa. Saboda haka kafin a biya, a zaga kasuwa a ga ko ana sayar da batirin irin wannan inji shi kaɗai, a kuma tambayi kuɗinsa. Inji mai kyau wanda ba a samun batirinsa a Kano, ranar da batirin ya mutu ya zama ƙarfen 'yan gwangwan. In kafintoci biyu ko uku na gari ɗaya za su saya, dabara ce su sayi na kamfani ɗaya, don su riƙa aron batir da caja a tsakaninsu.

A cikin kayan gwanjo a kan ga tsofaffin injuna masu batirin da aka rubuta wa NiCd. Araha gare su, amma araha ba ta ado. Batirin ya tsufa, yana zubar da wuta ko ba a yi aiki da shi ba, sabonsa kuma wuyar samu gare shi. A nemi wanda aka rubuta wa Li-ion.

INDA ZA A YI CAJI

Mutumin birni ba ya tunanin wannan, amma a ƙauyukan da waya ba ta kai ba, ko ta kai amma wuta ba ta zama, tambaya ce babba. Batirin inji ba ya cin wuta da yawa. Mai 18V da 2Ah yana ɗaukar kamar abin da wayar hannu biyu manya ke ɗauka, mai 5Ah kuwa kamar biyar. Saboda haka janaretan mai cajin waya na bakin kasuwa ya isa. Mai sola ma zai iya, in yana da inbata, domin cajar tana son wuta irin ta soket.

Sai dai a duba bayan caja da kyau. Wutar Nijeriya 230V ce, ta Amurka kuwa 120V. Injunan gwanjo da yawa daga Amurka su ke, cajarsu ta can ce. In an soka ta a soket na nan kai tsaye, nan take za ta ƙone. In ba a ga 220 ko 230 ko 240 a rubuce ba, ko dai a bar ta, ko a haɗa da tiransifoma mai rage wuta, a kuma sa kuɗinsa cikin lissafi.

BAKI DA GIYA

Bakin inji, inda a ke ɗaura tsinken huji, iri biyu ne: mai buɗewa zuwa milimita 10, da mai buɗewa zuwa 13, watau rabin inci. Mai aikin amalanke da karkiya ya nemi 13, kuma na ƙarfe ya fi na roba jure wahala.

Inji nagari yana da giya biyu, maɓallinsu a ƙeya. Ta 1 a hankali ta ke juyawa amma da ƙarfi, kamar sa a gaban garma, ita ce ta babban huji da dogon sukuru. Ta 2 gudu gare ta, ita ce ta ƙananan huji. Bayan baki kuma akwai zobe mai lambobi. Amfaninsa shi ne, in sukuru ya kai iyaka, sai inji ya saki, kada ya nutsar da shi ya tsaga katako. Mai haɗa akwatin zuma da falanki siriri zai ga amfanin wannan zobe.

Wadansu injuna suna da gawayi a ciki mai gugar injin, wanda masu gyara ke kira kabon. Yana cinyewa a hankali, a sake shi da kuɗi kaɗan. Sababbin kuwa ba su da shi, ba su cika zafi ba, batir kuma ya fi daɗewa a kansu, amma sun fi tsada, in sun lalace kuma gyaransu ya fi wuya. Mai aiki kullum, ƙarin kuɗin zai dawo masa. Mai aikin rani kaɗai, mai kabon ya ishe shi. Akwai kuma masu alamar guduma, don huda bulo. A katako wannan ba shi da amfani, sai ga wanda ke kafa ƙofa da taga a ginin siminti.

RANAR SAYE

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Mai saye ya tafi da guntun ice mai tauri daga gida, ya roƙi mai kanti a sa tsinke a huda a gabansa. Ya sa dogon tsinke ya kunna, ya duba ko kansa yana rawa. In yana rawa, bakin ya karkace, hujinsa ba zai miƙe ba. Ya gwada gaba da baya, da giya duka biyu. Ya ɗaga batirin ya ji nauyinsa, gama na jabu sau da yawa ba shi da nauyi. Ya karɓi rasit, a kuma faɗa masa kwana nawa ya ke da su na mayarwa. In ya yiwu ya tafi da kafintan da ya daɗe yana aiki da irin injin.

Kada a kashe kuɗin duka a kan inji a manta da tsinke. Tsinke mai kaifi a inji matsakaici ya fi dakusasshe a inji mai tsada, kuma dakusasshe shi ke shanye batir. A ice mai tauri, a fara huda ƙaramin rami kafin a ɗaura sukuru, in ba haka ba sukurun zai karye ko icen ya tsage.

KIWON INJI

Abokan gaban batir a ƙasar nan zafi ne da ƙura. Da bazara zafin rana ya kan wuce awo 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Kada a bar batir a rana ko a kan kwano, kada kuma a sa shi a caji yana da zafi daga aiki, a bari ya huce a inuwa. Da hunturu a riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe ramukan shan iska. In damina ta faɗi kafinta ya koma gona, ya ajiye batir da kamar rabin caji a wuri mai sanyi marar laima, ya duba shi sau ɗaya ko biyu kafin kaka. Batirin da aka bari a mace wata da watanni ya kan ƙi tashi.

Batirin da ya kumbura ko ya fashe yana iya kama wuta. Kada a yi cajinsa, kada kuma a ajiye shi kusa da rumbu ko kara ko harawa. Wanda ya mutu, kada a jefa shi a gona ko a juji ko kusa da rijiya. Mai aiki kuma ya naɗe hannun riga, ya kama inji da hannu biyu in hujin babba ne, gama in tsinke ya cije, injin ne zai juya ya murɗe masa wuyan hannu. A ɗora shi inda yara ba su kai ba.

Bayan duk wannan, kada a yar da tsohon mahujin hannu. Ya zauna cikin jaka, akwai ranar da caji zai yanke aiki kuwa yana jira. Kafintan da ya auna aikinsa, ya tabbatar da inda zai yi caji da inda zai sami sabon batir, sa'an nan ya biya, injinsa zai yi masa shekaru, amalanke da karkiya kuma su koma hannun masu su kafin ruwan shuka. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya ba da damina mai kyau, amin.