Mai Gadin Da Ba Ya Barci A Ɗakin Gwajin Ruwa

Mazaunin Tudun Wadar Zariya da ya tara bokiti a bakin famfo ba shi da ma'aunin tsabtar ruwa sai idonsa. Amma ido ba ya ganin maganin ƙwari da ruwan sama kan wanko daga gonaki da lambunan bakin kogin Galma, inda garin ke samun ruwan sha. Gano wannan guba aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. A shekarar 2007 Nijeriya ta kafa ƙa'idar ruwan sha, a 2017 kuma aka buɗe wa Zariya matata mai iya tace lita miliyan 150 a kullum. Ruwa mai yawan haka tilas a riƙa gwada shi.

Kafin a auna gubar sai an tatso ta daga ruwan ko daga lakar kogin. Wajen laka, akan yi amfani da wata na'urar gilashi wadda masanin nan na Jamus, Franz von Soxhlet, ya ƙago a 1879. Akan dafa wani sinadari, kamar hekzen, har ya zama tururi. Ruwan sanyi da ke zagaya bututun sai ya mai da shi ruwa, ya ɗiga kan lakar, ya wanko gubar. Haka zai yi ta kewayawa awa 16 zuwa 24, wato aikin yakan kwana bayan ma'aikata sun tashi.

To, a nan haɗarin yake. Hekzen yana tafasa a digiri 69, tururinsa kuwa yana kama wuta kamar fetur. In famfo ya ɗauke da tsakar dare alhali murhun lantarki na ci, tururin zai cika ɗakin, tartsatsi guda ya isa ya ta da gobara. Ko ba ta tashi ba, gwajin ya lalace, jama'a kuma su ci gaba da shan ruwan da ba a tabbatar da lafiyarsa ba.

Saboda haka aka ƙera na'urorin tsaro masu aiki da kansu. Ɗaya tana lura da gudun ruwan sanyi, ɗaya da zafin murhu, ɗaya kuma tana sansano tururi. Da zarar abu ya saɓa, sai su kashe murhun, su aika wa ma'aikaci saƙo ta waya. Nagari daga cikinsu ba sa barin murhu ya kama da kansa in wuta ta dawo bayan ɗaukewa.

Ya kamata masu tsara kasafin ma'aikatu da na jami'o'i su lura: a garin da famfo da lantarki kan ɗauke ba sallama, kada a sayi na'urar tatsa a bar mai gadinta a kanti.