Sabon Gida: A Fara Da Harsashi

'Yan'uwa manoma, bayan mun sayar da shinkafa ko albasa, da yawa cikinmu sukan fara ginin gida. Sau da dama kuɗin yakan tafi kan kwano da gado da kujeru, harsashi kuwa a yi masa rowa.

Wanda ya fita ta Ƙofar Dundaye a Sakkwato, fadamar Gulbin Rima zai gangara. A watan Satumba 2010 ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, gidajen ƙasa masu yawa suka rushe. Bangon ƙasa daga gindi yake lalacewa, gama ruwa yakan jiƙa shi har ya zube.

Saboda haka ga shawararmu:

1. Mu tambayi dattawa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, mu gina a bisansa.
2. Mu haƙa harsashi har ƙasa mai tauri, mu ɗaga shi da dutse da siminti ƙafa biyu sama da ƙasa.
3. Mu yi tubali da rani, ya bushe sarai.
4. Soro da azarar giginya ya fi kwano sanyi a watan Afrilu, amma sai da indararo mai zubar da ruwa nesa da bango.
5. Mu yi yaɓe da makuba kafin damina.

Kayan ɗaki su biyo baya, gidan sauro na yara shi ne na fari. Kowace ƙungiya ta shirya gayya da adashin siminti domin membobinta. Allah ya taimake mu.