Taswirar da ba ta san Kajuru ba: abin dubawa kafin ma'aikata ta zaɓi dandalin taswira

Titin da ya tashi daga Kaduna ya ratsa Kujama, Kasuwan Magani da Kufana zuwa Kachia yana nan ɓaro-ɓaro a taswirar kowace waya. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauyukan mazaɓun Maro, Buda ko Tantatu a Ƙaramar Hukumar Kajuru, sai allon ya fara yin fari. Wani ƙauyen ba shi da suna, wani an sa shi inda ba ya nan, hanyar babur kuwa ba a zana ta ba sam.

Wannan ba matsalar matafiyi kaɗai ba ce. Ma'aikatu da hukumomin tarayya a Abuja, har da ofisoshin 'yan majalisa, suna ƙara dogara da manhajojin da ke nuna inda aka gina rijiyar burtsatse, aji ko ɗakin shan magani. Hadimin da aka ɗora wa bibiyar ayyukan mazaɓar Chikun/Kajuru yana iya zaton cewa zaɓen dandalin taswira aikin masu haɗa manhaja ne. Ba haka ba ne. Zaɓin ne ke yanke kuɗin da za a riƙa biya, inda bayanan gwamnati za su kwana, da kuma ko manhajar za ta yi aiki a wurin da aka yi ta dominsa.

Google Maps shi ne sunan da ya fi saurin zuwa baki, kuma a Abuja ko Legas da wuya a kushe shi. Amma ba kyauta ba ne. Kamfanin ya sauya tsarin farashinsa a 2018, ya sake sauyawa a Maris 2025, inda ya soke rangwamen dala 200 na wata-wata ya maye gurbinsa da adadin amfani na kyauta ga kowane nau'in aiki. Abin da ya haura, kamar neman adireshi ko lissafin hanya, da dala ake biya. Duk wanda ya riƙe kasafin ofis a lokacin da dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san ma'anar wannan. Akwai kuma sharaɗin da ya fi kuɗin muhimmanci: ƙa'idojin Google ba su yarda mai haɗa manhaja ya kwafe taswirar ya adana ta a cikin manhajarsa don amfani ba tare da intanet ba.

A Kajuru, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya rushe aiki. Sabis yana yankewa a ƙauyuka ko da lafiya ake, sannan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, na'urar GPS da ke cikin waya ba ta buƙatar sabis, domin kai tsaye take karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. Waya ta san inda take. Hoton taswirar ne ke ɓacewa idan ba a riga an sauke shi ba.

Mapbox ya yarda a sauke yanki a ajiye a waya, kuma yana ba da damar sauya kamannin taswira yadda ake so, sai dai shi ma da dala yake lissafi. A Disamba 2020 ya rufe lasisin babbar manhajarsa ta shafukan intanet, wanda hakan ya sa wasu masana suka ɗauki tsohon samfurin da ke buɗe suka ci gaba da shi da sunan MapLibre. Da MapLibre ko Leaflet, haɗe da bayanan OpenStreetMap da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, hukuma na iya riƙe taswirarta a rumbunta. Kyautar tana da iyaka: rumbunan OpenStreetMap na sa-kai ne, ba su yarda a ɗora musu nauyin babbar manhaja ba, don haka dole a tanadi rumbu da ma'aikacin da zai kula da shi. Albashinsa ma kuɗi ne, amma aƙalla da naira ake biya.

Duk da haka, dandali fenti ne kawai idan babu bayanai a ƙarƙashinsa, kuma a nan Najeriya ba daga sifili take farawa ba. Yaƙin kawar da cutar shan inna ya tilasta zana ƙauyukan Arewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta yi aikin bin sawun masu rigakafi da wayoyin GPS domin a gane unguwannin da aka tsallake, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da kwayar cutar ta daji a Agusta 2020. A kan wannan tubali shirin GRID3 ya ɗora nasa aiki, yana wallafa bayanan matsugunai, iyakokin mazaɓu, makarantu da cibiyoyin lafiya. Jihar Kaduna na da hukumar KADGIS, tarayya kuma na da Ofishin Babban Safiyon Ƙasa. Abin mamaki ne a ce ana biyan ɗan kwangila ya sake tattaro abin da ke ajiye tun tuni, amma takardar kwangilar da ba ta ambaci waɗannan ba, ƙofa ta buɗe wa hakan.

Sunaye ma wani tarko ne. Unguwan, Ungwan, Angwan da Anguwan duk kalma ɗaya ce, amma kwamfuta wurare huɗu take gani. Ƙauyen Adara na iya samun sunan da mazaunansa ke kira da kuma na Hausa da ke cikin takardun hukuma. Manhajar da ba ta bai wa kowane wuri lamba ɗaya tabbatacciya ba, tare da jera dukkan sunayensa, za ta iya nuna rijiya ɗaya a matsayin biyu, abin da kan faranta wa mai neman biya sau biyu rai.

Sai batun da ya fi nauyi. A Maris 2024 an sace mutane da dama a Buda da Kajuru-Station. A irin wannan yanki, taswirar da ke nuna makaranta, wurin ibada da hanyar shiga ƙauye ba kayan ado ba ce. Duk abin da aka ɗora a OpenStreetMap ya zama na kowa, don haka wajibi ne a raba taswirar tushe da bayanan hukuma, na biyun ya zauna a rumbu mai kalmar sirri, kamar na Galaxy Backbone. Idan kuwa akwai sunaye ko gidajen masu cin gajiyar tallafi, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shigo ciki.

Kafin a sa hannu a takardar biya, akwai gwaji mai arha: a sauke taswirar a Abuja, a kashe data, a kai wayar Maro a tsakiyar damina, a ga ko za ta nuna wuri ta kuma adana rahoto har a dawo inda ake da sabis. A duba kuma sunan wanda aka buɗe asusun dandalin da shi. Idan na ɗan kwangila ne, ranar da katinsa ya daina biya, ranar taswirar ma'aikatar za ta daina buɗewa.