Satar Kaya A Jirgin Ƙasa: Wa Ya Kamata Ya Tsare Wagunu?

Duk wanda ya san tarihin Kaduna ya san gari ne wanda jirgin ƙasa ya raya. An fara shimfiɗa kwangiri daga Baro a 1907, aka kai Kano a 1911. Saboda hanyar jirgin nan, da kuma ruwan kogi, Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan a 1917. Bayan shekara goma, watau a 1927, hanyar gabas wadda ta taso daga Fatakwal, ta biyo ta Inugu da Kafancan, ta zo ta haɗu da ta Ikko a kudancin kogi. A arewacin kogi kuwa akwai tashar Kaduna ta Arewa, inda hanyar ta ratsa gari ta miƙe Rigacikun da Zariya.

To, abin lura shi ne, a wancan zamani kayan da aka ɗauko daga Kano, ko Nguru, ko Ƙaurar Namoda, ya kan bi ta nan ya haye gada kafin ya kai bakin teku. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da shanu su gangara, goro da gishiri da kananzir da siminti da yadi su hauro. Inda dukiya ta ke wucewa dare da rana haka, ba a rasa mai son ya ɗiba bai biya ba.

Yadda A Ke Satar

Mai karatu zai yi tsammani ɓarawon jirgi sai ya tare hanya da makami. Galibi ba haka abin ya ke ba. Tsohuwar hanyar jirginmu layi guda ce, saboda haka tilas jirgin kaya ya raɓe a wata ƙaramar tasha ya jira na fasinja ya wuce, wani lokaci sa'o'i da yawa, a tsakiyar daji kuma da dare. Har wa yau jirgi mai nauyi ya kan rage gudu wajen hawa da wajen kwana, har mutum ya iya ɗarewa. A cikin tasha kuma a kan ajiye wagunu a gefe, su kwana su yini suna jiran injin da zai ja su. A irin waɗannan wurare a ke yanka tamfol, a karya hatimin darma na bakin ƙofa, a turo buhu ƙasa, abokan aiki su tsince.

Akwai kuma sata ta biyu wadda ta fi wannan wuyar ganewa, ita ce ta alƙalami. A ɗora buhu ɗari a rubuta casa'in da takwas, ko a soke kowane buhu a rage mudu guda a ɗinke, ko a rage nauyi a bakin sikeli. Irin wannan ba ta yiwuwa sai da hannun na ciki, gama da ɗan gari a kan ci gari. Sa'an nan dukansu biyu suna dogara da mutum na uku, watau mai saye. Ɓarawo ba ya ɗaukar buhun sukari ashirin don ya sha. Ya san wanda zai karɓa da araha bai tambaye shi inda ya samo ba.

Hasarar kuwa ba a kan Reluwe kaɗai ta ke tsayawa ba. Ɗan kasuwa da aka rage wa kaya zai ƙara kuɗi a kan sauran, mai saye ya biya. In abin ya dame shi ya bar jirgi ya koma wa mota. Lalacewar Reluwe a Nijeriya tana da dalilai da yawa, amma jinkiri da rashin amincewa suna cikin abubuwan da su ke korar mai kaya.

Dabarar Amurka

A Amurka hanyoyin jirgin kaya na kamfanoni ne, kamfanonin kuwa suna da 'yan sandansu na kansu. Asalin abin shi ne, a ƙarni na 19 hanyoyin sun ratsa dazuzzuka masu nisa inda hukuma ba ta kai ba, sai kamfanoni suka riƙa hayar masu bincike, irin su mutanen Allan Pinkerton. A 1865 jihar Fensilbeniya ta yi doka ta ba kamfanonin jirgi izinin naɗa 'yan sanda. Har yau ma'aikatan nan suna da ikon kama mutum da ɗaukar bindiga, amma kamfani ke biyansu albashi.

Amfanin wannan tsari a fili ya ke. Ɗan sandan kamfani ya san hanya, ya san lambar kowane wagunu, yana kuma bin jirgi daga jiha zuwa jiha. Amma aibinsa ma ba ƙarami ba ne. A Fensilbeniyan nan aka faɗaɗa dokar ta haɗa da kamfanonin kwal da ƙarfe, sai 'yan sandansu suka zama sandar dukan leburori masu yajin aiki, har aka soke su a 1931. Wanda ya biya mai gadi shi mai gadi ya ke yi wa aiki. Aibi na biyu, kamfani ya kan rage masu tsaro in yana son rage kashe kuɗi. A watan Janairu na 2022 duniya ta ga hotunan hanyar jirgin Union Pacific a birnin Los Anjalis ta cika da yagaggun kwalaye, ɓarayi sun fasa kwantenoni sun kwashe. Kamfani ya ɗora laifi a kan masu gabatar da ƙara, ya ce suna sakin waɗanda aka kama. Su kuma suka ce kamfani ne bai tsare kayansa yadda ya kamata ba. Ƙungiyar kamfanonin jirgin ƙasa ta Amurka ta ce a 2024 sata ta jawo musu hasarar fiye da dala miliyan 100.

Ingila ma da 'yan sandan kamfanoni ta fara, amma da gwamnati ta karɓi hanyoyin jirgi a 1948 sai aka haɗa su suka zama runduna guda a 1949. Indiya kuwa ta mai da masu gadin Reluwe rundunar tsaro ta musamman bisa dokar 1957.

Namu Tsarin

Nijeriya ba ta bi hanyar Amurka ba, domin Reluwe tun farko ta gwamnati ce. A 1912 aka haɗa hanyar Ikko da ta Baro zuwa Kano a ƙarƙashin ma'aikata guda, a 1955 aka mai da ita hukuma mai cin gashin kanta. Tsaron hanya yana hannun wani sashi na 'yan sandan Nijeriya wanda aka keɓe don Reluwe, hedkwatarsa tana Ebute Metta a Ikko, tare da masu gadin hukumar. A zamanin En'e, in kayan sata suka bar harabar jirgi suka shiga gari ko ƙauye, sai an nemi taimakon 'yan doka da dagatai da masu unguwa, su ne suka san baƙon da ya sauka da gidan da aka shigar da buhu. A ƙarshen shekarun 1960 aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya.

Yanzu dokar ƙasa ta rufe ƙofar 'yan sandan kamfani. Sashi na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ga ƙasa duka, dokar kamfanonin gadi ta 1986 kuma ta hana masu gadinsu riƙe bindiga. Hukumar tsaro ta farin kaya, wadda aka yi wa doka a 2003, ita ke ba su lasisi, ita kuma aka ɗora wa kula da kadarorin gwamnati.

Amma satar ta sake kama. Da jiragen kaya suka yi ƙaranci a tsohuwar hanya, sai ɓarayi suka koma wa hanyar kanta, suna yanka kwangiri suna kwance kusoshi suna sayarwa a matsayin tsohon ƙarfe. Wannan ta fi satar buhu muni, gama buhu dukiya ce, kwangiri kuwa rayuka ne a kansa. Mutanen Kaduna ba su manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka fasa sabuwar hanyar Abuja da nakiya, suka kashe mutane, suka tafi da fasinjoji fiye da sittin. Hanyar nan mai ƙarewa a Rigasa, wadda aka buɗe a 2016, ba ta koma aiki ba sai a Disamba na shekarar.

Abin Da Ke Gabanmu

Maganar nan ta zama tilas yanzu saboda abu biyu. An buɗe tashar sauke kayan teku ta kan tudu a Kakuri a 2018, amfaninta kuwa ya dogara ga kwantenoni su iso daga Ikko da hatiminsu. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon yin hanyoyin jirgi nasu. In jihohi da 'yan kasuwa suka shigo, za su tambayi wanda zai tsare musu kaya.

Darasin ƙasashen da muka ambata ya nuna ikon kama mutum da riƙe makami gara ya zauna a hannun hukuma, wadda kotu da majalisa za su iya tuhuma. Kamfani kuwa nasa shi ne katanga, da fitila, da hatimi mai ƙarfi, da na'urar bin sawun wagunu, da biyan masu gadi a kan kari, da kuma rage kwanan kaya a tasha. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A sa ido kuma a kan masu sayen tsohon ƙarfe, kowane ya riƙe littafin wanda ya sayar masa.

Akawu da ke rubuta nauyin kaya a bakin sikeli, shi ne mai tsaro na fari, domin in lissafinsa daidai ne, za a gane tashar da kaya ya ragu da wanda ya sa hannu. Malamin makaranta a Kawo ko Tudun Wada ko Rigacikun kuma ya koya wa yara cewa ƙarfen da ke kwance a bakin dogo yana da mai shi, kuɗin harajin iyayensu ne aka saya da shi.