Rijiya Ta Ba da Ruwa, Guga Ya Hana

Tun da farashin wayoyi da kwamfutoci ya yi tashin gwauron zabo, gardama ta yawaita a rumfunan masu sayar da su, domin mai saye, bayan ya tara kuɗinsa da kyar, ba ya tambayar kome sai gigahaz nawa ce, wato adadin saurinta, mai sayarwa kuwa, da yake ya san abin da kunne ke so, sai ya ambaci adadi mai tsoka a yi ciniki. Kafin mako biyu sai ka ga mutumin ya dawo yana rantsuwa an cuce shi, wai na'urar daskarewa take yi, alhali ba a yi masa ƙarya ba; mas'alar dai ta fi gaban wannan adadi.

Haƙiƙa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, misalinta kamar injin niƙa ne a ɗaki mai ƙaramar ƙofa. Kome ƙarfin injin, muddin ƙwarya ɗai-ɗai ake shigo da hatsi, kuma ta wannan ƙofa ɗin garin zai fita, to rabin yini zai yi yana ruri yana shan mai a banza. Ko kuwa ka ce malami ne mai saurin alƙalami, wanda almajirai ke miƙo wa allo ɗaya bayan ɗaya ta zaure mai duhu. Wannan matsatsi tsakanin furosesa da ma'ajiyarta shi ne masanin nan na Amurka, John Backus, ya jingina wa sunan masanin lissafi von Neumann a laccarsa ta 1977, kuma har yau shi ke yanka wa masu ƙira hukunci.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyara, ya ga ya ɗago aisi, wato 'yar ƙwayar lantarki irin furosesa, da hantsaki, lalle ya lura da 'yan ƙafafun ƙarfe da ke jere a gefenta. To, su ne ƙofofin. Furosesar da kamfanin Intel ya fitar a 1971, mai suna 4004, ƙafafu 16 kacal gare ta, huɗu daga ciki ne hanyar saƙo, saboda haka tilas ta aika adireshin abin da take nema kashi uku, sa'an nan ta karɓi umurnin kashi biyu, ta yadda a cikin kowane bugu takwas na agogonta biyar a bakin ƙofa suke ƙarewa. Da aka zo 1974 aka ba 8080 ƙafafu 40, adireshi ya sami hanyoyi 16 nasa, saƙo ya sami takwas, aiki ya sarara. Mafi ban sha'awa ita ce 8088, wadda a cikinta take lissafi da bit 16, amma aka ƙuntata ƙofarta zuwa takwas da gangan domin ta dace da kayan haɗi masu araha na zamanin, kuma ita ce kamfanin IBM ya ɗora kwamfutarsa ta 1981 a kai.

A yau akwai furosesoshin kwamfutar tebur masu mahaɗa 1,700, da yawansu ma wutar lantarki kawai suke shigarwa, amma duk da haka illar ba ta kau ba, domin zuwa ɗauko abu daga ram, wato ma'ajiyar da furosesa ke aiki da ita, yana cin ɗaruruwan bugun agogo. Hikimar da aka yi ita ce irin ta uwargida, wadda ba ta zuwa rumbu don kowane cokali, sai ta ɗebo na yini ta ajiye kusa da murhu. Shi ya sa aka sadaukar da fili mai yawa na cikin furosesa ga ƙananan ma'ajiyoyi na kusa. Bisa wannan dalili ne kuma Apple ya haɗa ram da furosesarsa M1 a ƙunshi ɗaya a 2020, kamfanin Nvidia kuwa yake jibge ma'ajiya hawa-hawa a gefen furosesoshinsa na ƙirƙirarriyar basira.

Talaka mai sayen waya ɗaya yana da uzuri, amma ban ga uzurin jami'in da zai sa hannu a sayo wa makarantu kwamfutoci bisa adadi guda da ya gani a takarda ba, bai tambayi yawan ram ba, bai kuma tambaya ko ma'ajiyar tsohon faifai mai juyawa ce ko ta zamani ba. Idan yara suka zauna suna kallon allo ya ƙi motsi, kada a zargi rijiya, gama ruwa na nan. A nemi wanda ya sayo gugan.