Yadda Ake Zaɓen Gidan Ajiye Kare

Gabatarwa

Mutane da yawa a ƙasar nan suna kiwon kare, waɗansu don gadin gida, waɗansu don farauta ko tsaron garke, waɗansu kuwa don sha'awa kurum. A ƙauye idan tafiya ta kama mai kare, ɗan'uwa ko maƙwabci yakan riƙe masa har ya komo. A manyan birane kamar Ikko, Abuja, Ibadan, Fatakwal, Jos da Kaduna, abin ba haka yake ba. Ma'aikaci yakan rufe gida ya tafi hutun shekara, ko bikin Salla ko Kirsimeti, ko a tura shi kos na wata uku, ya rasa wanda zai bar wa dabbarsa. Wannan bukata ce ta haifar da gidajen da ke karɓar karnuka ajiya a biya su. Ajiyar iri biyu ce: ta yini, inda ake kai kare da safe a ɗauko shi da yamma, da ta kwana, inda yakan yi kwanaki ko makwanni.

Duk inda aka tara karnuka daga gidaje dabam-dabam, nan ne cuta ta fi saurin yaɗuwa. Karen da ya shiga da lafiya yana iya komowa gida da ciwo, kuma a cikin cututtukan kare akwai masu kama mutum. Saboda haka zaɓen gidan ajiya magana ce da ta shafi lafiyar iyali duka.

1. Katin allurar riga-kafi

Ma'auni na fari shi ne wannan: gidan ajiya na kirki ba ya karɓar kare sai an nuna katin allurarsa mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun likitan dabbobi. Gidan da ya karɓi kare bai tambayi kati ba, haka yake karɓar na kowa, ya kamata a guje shi.

Allurar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta ciwon haukan kare. Ƙwayar wannan ciwo tana cikin miyau, tana shiga jiki ta hanyar cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamunsa sun bayyana, ga mutum ko ga dabba, kusan kullum mutuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka. Wajen kashi 40 cikin 100 na masu mutuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Akan fara yi wa kwikwiyo wannan allura yana da wata 3, sa'an nan a riƙa sabuntawa kowace shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa ta.

Akwai kuma allurar haɗe wadda ke kare dabba daga cututtuka da dama a lokaci guda. Cikinsu har da fabo, mai sa amai da zawayin jini, wanda ya bayyana a duniya a 1978 kuma yana kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan. Da distemfa, mai sa majina, kwantsa da farfaɗiya. Da ciwon hanta. Da cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda ke kama mutum ma. Akan fara wannan allura daga mako 6 zuwa 8, a maimaita har kwikwiyo ya kai mako 16. Kwikwiyon da bai kammala ba kada a kai shi ajiya ko kusa. Har wa yau, allura ba ta fara aiki ranar da aka yi ta. A yi ta aƙalla mako 2 kafin ranar kaiwa.

2. Gani ya kori ji

Kada mai kare ya dogara da talla ko hoton da aka turo masa ta waya. Ya tafi da ƙafarsa, ya nemi a nuna masa ainihin inda karensa zai kwana. Idan aka hana shi wuce ofis, wannan kaɗai ya isa amsa.

Da shigarsa hancinsa zai fara ba shi labari. Zarnin fitsari da tarin ƙudaje alama ce ta rashin shara. Daga nan sai ya duba waɗannan:

(a) Daɓe. Ya zama na siminti, mai ɗan gangare zuwa magudana, don ruwan wanki ya wuce. Turɓaya ba ta wankuwa, ƙwayar fabo kuwa tana iya zama a ƙasa har shekara guda. A ƙasar da fitsari ya jiƙa ne kuma wani irin ƙuda yake zuba ƙwai, tsutsarsa ta huda fatar kare ta yi masa maruru.

(b) Bango. A duba tsaguwa da lungu. Kaskar kare a nan take ɓuya ta hayayyafa, ita ce kuwa mai kawo zazzaɓin da ke shanye jini, har dasashin kare ya yi fari.

(c) Ɗaki. Kowane kare da nasa, sai fa waɗanda suka zo daga gida ɗaya. Ya ishe shi ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu, kuma wurin kwanciya ya yi nesa da wurin bayan gida. Tsakanin ɗaki da ɗaki a sami katanga, ba waya kaɗai ba, don tarin karnuka ta numfashi yake yaɗuwa.

(d) Shinge. Ya yi tsawo, ƙasansa ya zama da siminti don kada a tona, ƙofa kuma ta zama biyu, a rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya.

(e) Ɗakin keɓewa. Lalle a sami wuri dabam, nesa da sauran, inda ake kai karen da ya kamu da ciwo.

Ya kuma tambayi abin da ake wanke wurin da shi. Ba kowane maganin wanki ne ke kashe fabo ba. Ruwan bilic yana kashe shi, idan aka gauraya kashi 1 da kashi 30 na ruwa, bayan an kwashe ƙazanta an wanke da sabulu.

3. Zafi, ruwa da abinci

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, idan ya haura 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. Ɗakin kwano maras silin, maras taga, yana iya hallaka kare cikin yini ɗaya a lokacin bazara. Karnukan waje masu gashi da yawa da masu gajeren hanci su suka fi shiga wannan haɗari. A tabbata akwai inuwa da iska, a kuma tambayi abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Da damina a duba yoyo, da hunturu kuwa a duba ko akwai shimfiɗa.

Ruwan sha mai tsabta ya kasance gaban kare dare da rana. Kare mai nauyin kilo 20 yakan sha lita 1 ko fiye a yini, ya ƙara idan ana zafi. Game da abinci, sauya wa kare cima farat ɗaya yakan sa shi zawayi, don haka ya fi kyau mai shi ya kai irin wanda ya saba ci. Gidan da ke ciyar da karnuka ragowar abincin otal abin tsoro ne, gama albasa tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana iya huda hanji.

4. Ma'aikata da likita

Mai kare ya lura da yadda ma'aikata suke da dabbobin. Idan karnuka suna noƙewa suna ɓuya da ganin mai kula da su, akwai duka a wurin. Ya tambayi karnuka nawa mutum ɗaya yake kula da su, sau nawa ake fitar da su motsa jiki, wa yake kwana a wurin. A gidan ajiyar yini, inda ake sakin karnuka su yi wasa tare, dole a raba manya da ƙanana, mafaɗata da masu sanyin hali, kuma kada a bar su ba mai tsaro. Karyar da ke neman namiji, abin da yakan ɗauki wajen mako 3, a ware ta gaba ɗaya.

Ya kuma nemi sunan likitan da gidan yake kira. Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ita ke yi wa likitocin dabbobi rajista, ba kowane mai farar riga ne likita ba. Ana iya neman shawara a ofishin dabbobi na jiha, ko a asibitocin koyarwa na dabbobi na jami'o'i, kamar na Zariya, Ibadan, Nsukka, Maiduguri da Sakkwato.

5. A rubuta yarjejeniya

Araha ba ta ado, tsada kuma ba shaidar kyau ba ce. Abin da ke raba gardama shi ne takarda. A rubuta kuɗin kowane kwana da abin da ya ƙunsa. Wanda zai biya idan kare ya yi ciwo. Iznin kai shi asibiti idan ba a sami mai shi ba. Abin da za a yi idan ya ɓace, ya mutu, ko ya ciji wani. Da ranar ɗaukowa. A karɓi rasit. Mai kare shi ma ya faɗi gaskiya: idan karensa yana cizo, ko yana tsallake katanga, ko yana shan magani, ya bayyana. Ya bar lambar wayarsa da ta wani na kusa.

6. Kaiwa da ɗaukowa

Kafin doguwar tafiya a gwada kwana ɗaya tukuna. A yi wa kare maganin kaska, ƙuma da tsutsar ciki, a haɗa shi da tsumman da ya saba kwanciya a kai. Ranar ɗaukowa a duba kunnuwa, wuya da tsakanin yatsu saboda kaska, a duba rauni ko alamar cizo. A ci gaba da lura har mako 2. Tari, amai, zawayi, ƙin abinci ko sauyin hali, duk dalili ne na zuwa asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

7. Idan cizo ya auku

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti a ranar don a fara masa allura. Kada a ɗaure ciwon, kada a tsaya ga maganin gida. Karen kuwa a tsare shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada wanda aka ciza ya jira cikar kwanakin kafin ya je asibiti.

Tunatarwa

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya. Mai kare ya mai da ita ranar duba katin allurar dabbarsa, ko da tafiya ko babu. Riga-kafi ya fi magani. Domin ƙarin bayani sai a tuntuɓi ofishin dabbobi mafi kusa.