Abin da Mai Neman Digirin Dakta a Kimiyyar Fiziks Zai Tarar

An nemi in yi bayani a kan digiri na uku, watau digirin dakta, a fannin Fiziks, da abin da mutum zai tarar idan ya shiga. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan digiri ci gaban na farko da na biyu ne kurum, a ƙara littattafai, a ƙara wuyar lissafi. Ba haka abin yake ba. Duk tambayar da aka taɓa yi wa ɗalibi tun daga firamare akwai wanda ya san amsarta, sau da yawa ma tana rubuce a bayan littafi. A nan kuwa za a miƙa masa tambayar da malaminsa ma bai san amsarta ba, kuma babu mai iya rantsuwa cewa tana da amsa.

Tsarin karatun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka akan ɗauki mai digirin farko kai tsaye, ya yi kamar shekara biyu yana ɗaukar darussa a kan ginshiƙan fannin guda huɗu: motsin abubuwa, lantarki da maganaɗisu, ilmin kwantam mai bayanin halin ƙwayar zarra, da ilmin zafi. Littafin lantarki na J. D. Jackson, wanda ya fara fitowa a 1962, ya yi suna wajen hana ɗalibai barci, domin tambaya guda daga cikinsa takan cinye dare sukutum. Bayan darussan, jami'o'i da dama suna yin jarrabawar tantancewa, wanda ya kāsa tsallake ta a sallame shi da digiri na biyu. Duka-duka abin yakan ɗauki wajen shekara shida. A bisa al'ada ɗalibin Fiziks a can ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ake ba alawus saboda koyarwa ko taya malami bincike. Saboda haka wanda aka ba gurbi ba tare da wannan tallafi ba, lalle ya yi hattara. A Ingila babu dogon zaman aji, da bincike ake farawa, a gama cikin shekara uku zuwa huɗu. Jami'o'in Nijeriya sun fi kusa da tsarin Ingila, sai dai akan nemi digiri na biyu tukuna.

Ko a ina ne, babu shawarar da ta kai zaɓen malami mai jagora nauyi. A ganina ta fi zaɓen jami'a. Wannan mutum shi zai ba da tambayar, shi zai nemo kuɗin kayan aiki, shi zai ce aiki ya nuna ko bai nuna ba, shi ne kuma zai rubuta takardar shaida bayan an gama. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai: yadda malami ke tunani, da irin abin da yake ganin ya cancanci bincike, duk za su bi ɗalibi har tsufansa. Kada sunan farfesa ya ruɗe ku. Ku keɓe da tsofaffin ɗalibansa, ku tambaye su shekara nawa suka yi, ina waɗanda suka gama suke yanzu, kuma in an kai masa rubutu mako nawa yake yi kafin ya karanta.

To, yaya aikin yau da kullum yake? Masu bin hanyar nazari da alƙalami da kwamfuta suke wuni, masu gwaje-gwaje kuwa da waya da sukurudireba. Misalin Jocelyn Bell ya isa. Ta shafe shekara biyu a Jami'ar Kambrij tana kafa turaku da ɗaura wayoyi tare da abokan aikinta, suna gina na'urar sauraron sararin sama. Da na'urar ta fara aiki a 1967, kullum sai ta fitar da takarda mai tsawon kusan mita 30, Bell ta bi ta da ido. A cikin wannan tulin ta lura da wani ɗan zane da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, wanda daga baya aka gane saƙo ne mai maimaita kansa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi. Ta haka aka gano wani sabon jinsin taurari. Duk da haka, a rataye kawai labarin ya shiga kundinta, domin ba shi aka sa ta nema ba. Lambar Nobel ta 1974 kuwa malaminta Antony Hewish aka ba, tare da Martin Ryle, babu sunanta.

A wasu rassan ɗalibi ɗaya ne cikin dubbai. Wata maƙala da masu bincike a cibiyar CERN ta Janeba suka fitar a 2015 tana ɗauke da sunayen mawallafa 5,154. Rabon ɗalibi a irin wannan gayya bai wuce daidaita wani ɓangare na na'ura da tace alƙaluma ba. Don haka wanda bai iya rubuta manhajar kwamfuta ba, ya koya tun kafin ya tafi.

Tsakiyar tafiyar ita ce mai ɗaci. Darussa sun ƙare, babu sauran maki da zai gaya wa mutum cewa yana ƙoƙari, ga wata shida sun wuce na'ura ba ta ba da komai ba. Tun 1991 masana Fiziks suke saka sakamakonsu a rumbun arXiv kafin mujalla ta buga, saboda haka ɗalibi yana iya wayewar gari ya tarar wani a wata ƙasa ya riga shi. A wannan lokaci ne masu hazaƙa ke sarewa, sun ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsu ne, alhali kuwa haka bincike ya gada. Ma'aikatan da ke cikinmu su lura musamman: hutun ƙaro ilmi yana da ranar ƙarewa, gwaji kuwa bai san kalanda ba. Ku lissafa da ƙarin shekara guda, ku gaya wa iyali tun farko.

Wanda zai yi a gida ya zaɓi tambayar da kayan aikin da ke kusa za su iya amsawa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Har ila yau, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 tana da shirin da ɗalibi zai ci gaba da zama a jami'arsa, amma ya riƙa zuwa can yana yin watanni.

Daga ƙarshe sai kundi da jarrabawar baka. A tsarin Ingila masu jarrabawa biyu ne, ɗaya daga cikin jami'ar, ɗaya daga waje, su bi kundin shafi-shafi na tsawon sa'o'i. Ba safai ake kayar da wanda malaminsa ya yarda ya gabatar ba. Abin da aka fi gani shi ne a ba shi jerin gyare-gyare, a yanka masa 'yan watanni ya kammala su.